Shin Kyakkyawar Niyya Ta Isar Wa Shugaba?

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, Wanda Ya san farkon kowane al'amari da ƙarshensa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, akwai wata magana da ta zama ruwan dare a bakin jama'a duk lokacin da wani shiri na gwamnati ya watse ya bar talakawa cikin wahala. Sai a ji ana cewa, "Ai niyyarsu mai kyau ce, abin ne dai bai zo da sa'a ba." Wani ma har ya jawo hadisin nan sananne da Imamul Buhari ya buɗe littafinsa da shi, wanda ke nuna cewa ayyuka suna rataye ne ga niyya. Da an faɗi haka sai a rufe zance, kowa ya kama gabansa, wanda ya yi hasara ya rungumi ƙaddara. To, tambayar da ya kamata a tsaya a kanta ita ce: idan shugaba ya nufi alheri da wani tsari, tsarin kuwa ya haifi cuta, kyakkyawar niyyar tasa ta sauke masa nauyi ke nan, ko kuwa da sauran magana?

Masu tarihi, cikinsu har da Ibn Sa'ad a littafinsa na Ɗabaƙat, sun kawo wani labari da ya faru a zamanin Sayyidina Umar ɗan Haɗɗabi, Allah Ya yarda da shi. Bayan da Allah Ya buɗe wa Musulmi ƙasashen Iraƙi da Sham, dukiya ta yawaita a baitulmali, sai Umar ya kafa diwani, watau littafin da ake rubuta sunayen jama'a da rabon da kowa zai riƙa samu a shekara. Yara ma bai bar su a baya ba, amma ya ƙayyade cewa ba a sa sunan yaro sai an yaye shi. Duk mai hankali zai ga dalilin wannan ƙa'ida, domin jariri mai shan nono abincinsa yana jikin uwarsa, wanda aka yaye kuwa shi ne ya fara cin hatsi, shi ke buƙatar taimako.

Wata rana ayarin fatake ya sauka a filin idi na Madina. Umar ya nemi Abdurrahman ɗan Aufu su kwana suna gadin baƙin don gudun ɓarayi. Cikin dare yana nafila sai ya ji kukan yaro, ya je ya gargaɗi uwar ta ji tsoron Allah ta lallashi ɗanta. Ya koma, kukan bai tsaya ba, ya sake dawowa. Can gab da asuba ya zo karo na uku ya yi mata faɗa sosai. Ita kuwa ba ta san da wa take magana ba, sai ta ce masa ya ishe ta a wannan dare, yaye yaron take so ta yi yana ƙi. Ya tambaye ta dalili, ta ce saboda Umar ba ya ba yaro rabo sai an yaye shi. Ya tambayi watannin yaron, sai ya tarar bai ko kusa da lokacin yaye ba. An ce da ya shiga sallar asuba, mutane ba su iya fahimtar karatunsa ba saboda kuka. Da ya yi sallama ya zargi kansa a gaban jama'a, yana jin tsoron ko 'ya'yan Musulmi nawa ƙa'idarsa ta halaka. Nan take ya sa mai shela ya sanar kada kowa ya gaggauta yaye ɗansa, daga yau duk jaririn da aka haifa yana da rabo tun ranar haihuwarsa. Ya kuma aika da wannan umarni zuwa dukan lardunan Musulunci.

Ba wanda zai tuhumi niyyar Umar, ba kuma wanda zai ce ƙa'idar tasa ta wauta ce. Duk da haka ta kai ga raba jarirai da nono kafin shekara biyun nan da Alƙur'ani ya ambata a Suratul Baƙara ga mai son cika shayarwa. Abin da ya faru shi ne, mutane ba duwatsu ba ne da za a jera su su tsaya inda aka ajiye su. Idan kiɗa ya sake, rawa ma sai ta sake. Duk dokar da aka kafa game da dukiya, jama'a za su dube ta su gyara tafiyarsu don su dace da ita, kuma sau da yawa ta wata hanya da mai kafa dokar bai taɓa kawowa a ransa ba. Abin lura na biyu shi ne yadda Umar ya karɓi maganar. Yana da iko ya ce matar nan kwaɗayi ne ya yi mata yawa, ya sa a hukunta duk uwar da ta yaye ɗanta da wuri. Amma sai ya nemi laifin a cikin ƙa'idarsa, ya same shi, ya gyara kafin rana ta fito.

Ƙasar nan ta ga irin wannan a zamanin da kuɗin man fetur suka fara kwararowa. A 1972 gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta naɗa hukuma a ƙarƙashin Cif Jerome Udoji don ta duba yanayin aikin gwamnati. Hukumar ta miƙa rahotonta a 1974. Mafi yawan rahoton magana ce a kan yadda za a gyara aikin kansa, amma abin da jama'a suka riƙe shi ne ƙarin albashi. Ƙaramin ma'aikaci ya koma Naira 60 a wata, fiye da ninkin abin da yake ɗauka a dā, aka kuma haɗa ariyas na wata tara aka biya a dunƙule a farkon 1975. Niyyar a fili take: ma'aikatan da suka daɗe suna fama da ƙaramin albashi su ma su ɗanɗana arzikin ƙasa. Aka yi ta sayen babura da rediyo da kekunan ɗinki, aka yi ta ɗaura aure, har sunan Udoji ya zama wata kalma ta yau da kullum.

Sai dai kuɗi ne suka ƙaru a hannun mutane a dare ɗaya, buhunan hatsi da ke kasuwa kuwa ba su ƙaru ba. A wannan shekara ta 1975 hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin 100. Ma'aikatan kamfanoni suka shiga yajin aiki suna neman nasu Udojin. Masu albashi kuwa 'yan kaɗan ne cikin al'umma. Manomi, da maƙeri, da ɗan garuwa, da malamin makarantar allo, da gwauruwa mai riƙon marayu, babu wanda aka ƙara wa ko kwabo, amma dukansu kasuwa ɗaya suke shiga da mai ariyas, farashi ɗaya ake yanka musu. Samari da yawa suka ga leburanci a birni ya fi fartanya, suka bar gonaki. Ma'aikacin da aka yi abin dominsa ma bai daɗe ba ya ga tsadar kaya ta cinye yawancin ƙarin. Garin neman ƙiba aka samo rama.

Cutar Udoji ta bazu ne a kan kowa, shi ya sa da wuya a nuna fuskar wanda ta fi taɓawa. Labarin madatsar ruwa ta Bakolori kuwa yana da fuskoki da sunayen garuruwa. Bayan farin da ya addabi arewacin Nijeriya da ƙasar Nijar daga 1972 zuwa 1974, wanda ya kashe dabbobi ya kori mutane daga ƙauyukansu, hukumomi suka ƙudura cewa ba za a ci gaba da dogara ga damina kaɗai ba. Aka ba wani kamfanin ƙasar Italiya kwangilar datse Gulbin Sakkwato kusa da Talatar Mafara, a Jihar Sakkwato ta wancan lokaci, wurin da yanzu ke cikin Jihar Zamfara. Aka gama ginin madatsar a 1978. Manufa ita ce a shayar da dubban kadada na gonaki, a yi noman rani, a samu alkama da shinkafa, yunwa ta kau. Wane Musulmi ne zai ƙi wannan? Rayar da ƙasa da shayar da ruwa suna cikin ayyukan da shari'a ta kwaɗaitar a kansu.

Amma da ruwa ya taru a bayan madatsar sai ya cinye gonaki da gidajen mutane fiye da dubu goma a yankin Maradun, aka mayar da su kan tudu, inda ƙasar ba ta kai ta fadamarsu albarka ba. Waɗanda gonakinsu suka faɗa cikin filin noman rani aka hana su shuka, wasu har damina biyu ko uku, ana baje ƙasa ana haƙa hanyoyin ruwa, aka sare itatuwan da suke mora, diyya kuma ta yi ta jan ƙafa. Akwai kuma wasu mutane na uku da ba a ma sa su cikin lissafi ba, watau manoman fadama da masunta da ke zaune a gefen gulbin daga ƙasan madatsar. Tun kaka da kakanni rayuwarsu ta rataya ne ga ambaliyar da ke zuwa kowace shekara, ta jiƙa fadama a shuka shinkafa, ta bar laima a yi lambu da rani, ta cika tafkuna da kifi. Da aka tsare ruwan, ambaliyar ta ragu, masu shinkafa da yawa suka koma gero da dawa, kifi ya yi ƙaranci. Shirin da aka yi don a ƙara abinci ya rage abincin waɗanda tun farko suke ciyar da kansu.

Manoman Bakolori sun yi kuka, kuma kukansu ya fi na jaririn Madina ƙarfi. Sun kai ƙara, sun aika da wakilai, da abin ya faskara suka tare hanyoyi suka hana aiki. A ƙarshen watan Afrilu na 1980 aka aika da 'yan sandan kwantar da tarzoma, aka buɗe wuta, aka ƙone gidaje. Gwamnati ta ce mutum ashirin da 'yan kai ne suka rasu, mutanen yankin da wasu masu bincike kuwa suna maganar ɗaruruwa. Ga shiri biyu, na Umar da na Bakolori, kowanne an fara shi da nufin alheri, kowanne ya haifi cutar da ba a zata ba, kowanne kuma an sami wanda ya yi kuka. Inda suka rabu shi ne abin da mai iko ya yi sa'ad da kukan ya iso kunnensa.

Malaman Musulunci ba su bar wannan babi ba tare da bayani ba. Imamush Shaɗibi, malamin mazhabar Malikiyya na birnin Garnaɗa a Andalus, wanda ya rasu a shekara ta 790 bayan Hijira, ya tabbatar a littafinsa Muwafaƙat cewa duba makomar aiki abu ne da shari'a take nufi. A wurinsa, mai ijtihadi ba ya yanke hukunci a kan wani aiki, na a yi ko na a bari, sai ya dubi inda aikin zai kai, domin abu yakan zama halal a asalinsa amma ƙarshensa ɓarna ce da ta fi amfaninsa. Dalilan wannan suna da yawa. A Suratul An'am an hana Musulmi zagin gumakan mushirikai, ko da yake gumakan ba su da wata alfarma, don kada masu su su rama da zagin Allah. Haka nan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya gaya wa Nana A'isha cewa yana son ya mayar da ginin Ka'aba bisa harsashin Annabi Ibrahim, amma ya bari saboda Ƙuraishawa ba su daɗe da shiga Musulunci ba, zukatansu ba za su ɗauka ba. Aikin daidai ne, niyyar kuwa babu mai tsarkinta, amma ya auna abin da zai biyo baya ya fasa.

A fagen kasuwa ma haka abin yake. Anas ɗan Malik ya ruwaito cewa kaya sun yi tsada a Madina, mutane suka roƙi Annabi ya yanke farashi, ya ƙi, yana mai fatan ya gamu da Ubangijinsa babu wanda ke binsa haƙƙin jini ko na dukiya. Malamai sun yi saɓani a kan ko hukuma tana iya yanke farashi idan 'yan kasuwa suka wuce gona da iri, wasu kuma sun halatta. Amma mai karatu ya dubi sharaɗin da malamin Malikiyya Ibn Habib ya gindaya: shugaba ya tara manyan 'yan kasuwar, ya kawo wasu amintattu da za su tabbatar da gaskiyar maganarsu, ya tambaye su nawa suke saye nawa suke sayarwa, sa'an nan a daidaita a kan farashin da zai yi wa jama'a sauƙi su ma ya bar musu riba. Abul Walid Albaji ya bayyana hikimar haka, cewa idan aka ɗora musu farashin da babu riba a cikinsa, abin da zai biyo baya shi ne ɓoye abinci da lalacewar kasuwa. Waɗanda suka ga zamanin hukumar ƙayyade farashi a shekarun 1970, da yadda madara da sukari da sabulu suke ɓacewa daga kanti su ɓulla ta bayan fage da ninkin kuɗinsu, za su shaida cewa malamin nan ya hango abin tun ƙarnoni da suka wuce.

Mai yiwuwa wani ya ce, to idan haka ne ai sai shugaba ya naɗe hannu, tun da babu wanda ya san gaibu sai Allah, kuma babu shirin da za a yi a rasa wanda ya cutu. Zai kuma iya kafa hujja da hadisin da ya nuna cewa mai hukunci idan ya yi ijtihadi ya dace yana da lada biyu, idan ya kuskure yana da lada ɗaya. Wannan magana tana da ƙarfi, kuma gaskiya ne naɗe hannu shi ma yana da nasa sakamakon. Shugaban da ya ga fari ya kashe dukiyar talakawa bai motsa ba, za a tambaye shi. Sai dai ladan nan ɗaya na wanda ya yi ijtihadi ne, ijtihadi kuwa ma'anarsa ƙure ƙoƙari wajen neman sanin gaskiya. Wanda ya zauna a ofis ya zana taswirar gulbi bai taɓa tambayar masuncin da ke cin abinci a gulbin ba, da wuya a ce ya ƙure ƙoƙarinsa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Da an zauna da dattawan fadama tun farko, da sun faɗi amfanin ambaliya cikin zama ɗaya, ba tare da an biya su ko sisi ba. Allah Ya umarci AnnabinSa da yin shawara da sahabbai alhali wahayi yana saukar masa, balle wanda ba ya da komai sai rahoton 'yan kwangila.

Bugu da ƙari, fiƙihu ya rarrabe tsakanin zunubi da lamuni. Kuskure yana ɗauke zunubi, amma ba ya ɗauke biyan haƙƙin mutane. Wanda ya harbi barewa kibiyarsa ta sami mutum bai yi nufin kisa ba, ba a kashe shi, amma Suratun Nisa'i ta ɗora diyya da kaffara. Wanda ya fasa tukunyar maƙwabcinsa cikin rashin sani sai ya biya. A hadisin da Abu Dawuda ya ruwaito, wanda ya shiga yi wa mutane magani alhali ba a san shi da ilmin magani ba, shi ke da lamunin abin da ya ɓata, ko da tausayi ne ya sa shi. Idan haka shari'a ta yi da mutum ɗaya mai kibiya ɗaya, yaya hukumar da sa hannunta guda yake taɓa abincin miliyoyin mutane? Niyya tsakanin bawa da Ubangijinsa take, Shi ne zai saka a kanta. Gonar da ruwa ya cinye kuwa haƙƙin mai ita ce, ba ya faɗuwa sai an biya ko ya yafe.

Abin da ya fi wuya ga masu mulki shi ne komawa da baya. Shiri idan an kashe masa kuɗi, an yi bikin buɗe shi, an sa sunan wani babba a jikin allo, sai amincewa da kuskure ta zama kamar faɗuwa, duk mai kuka kuma a ɗauke shi ɗan adawa. Umar kuwa, a wasiƙar da ya rubuta wa Abu Musal Ash'ari game da alƙalanci, ya hore shi kada hukuncin da ya yanke jiya ya hana shi komawa ga gaskiya idan ta bayyana masa yau, domin komawa ga gaskiya ya fi dogewa a kan ɓata. Abin da ya hori alƙalinsa da shi, shi ya aikata a kan kansa a wancan dare. Ba a kuma san wani da girman Umar ya ragu a idonsa saboda ya soke ƙa'idar yaye ba. Nan ne ma ake gane gaskiyar niyya. Wanda da gaske jin daɗin jama'a yake nufi, idan ya ga shirinsa yana cutar da su zai fi kowa saurin gyarawa. Wanda ya ga cutar ya dage, to, ya nuna shirin ya fi mutanen daraja a wurinsa.

Talakawa ma suna da nasu kason. Ɗan kasuwar da ya ji labarin ƙarin albashi a rediyo da dare, gari ya waye ya ninka kuɗin kayan da ya saya tun bara, ko ya kulle hatsi a rumbu yana jiran yunwa ta kai wuya, ba zai fake da gwamnati ba, domin hadisin da Muslim ya ruwaito ya kira mai ɓoye abinci mai laifi. Malamai da limamai da masu unguwanni kuma su sani cewa shugaban yau ba ya yawo da dare a filin idi, katanga da masu gadi sun raba shi da kukan jarirai. Wanda Allah Ya ba bakin da ake saurara, amana ce a wuyansa ya isar da wannan kuka yadda yake, cikin ladabi, ba ƙari ba ragi, kamar yadda matar nan ta faɗi abin da ke ranta ba tare da kwana-kwana ba. Da ta yi shiru, ko da ta gane Umar ne ta ce yaron ciwon ciki yake yi, da ƙa'idar ta ci gaba.

Allah Ya ba shugabanni zukata masu nufin alheri da kunnuwa masu jin kukan raunana, Ya haɗa su da mashawarta na gaskiya. Ya jiƙan waɗanda suka rasa rayukansu a Bakolori, Ya saka wa duk wanda aka tauye wa haƙƙi. Allah Shi ne Mafi sani, kuma gare Shi makoma take.